Yadda Ake Ba da Kwangilar Cire Ciyawa a Tafkunan Tace Ruwan Ƙazanta na Kumasi

Idan an ɗora maka kula da tafkunan tace ruwan ƙazanta a Kumasi, ko na Asafo da suka fara aiki a 1994, ko na Ahinsan da Chirapatre, ko na Dompoase inda tankokin kwasar ba-haya suke juye kayansu, ciyawa ce za ta fara cin ƙarfinka tun kafin wani bututu ya toshe. Wuri ne da danshi ba ya yankewa, taki kuma kullum shigowa yake yi. Ga damina biyu a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Leburori biyu ko uku da ke hannunka ba za su iya ba, dole a nemi ɗan kwangila. Na daɗe ina shirya irin wannan kwangila, kuma duk wadda aka rubuta da layi ɗaya, "a share ciyawar wurin", kuɗinta ya tafi a banza. Ciyawar da ke yawo a kan ruwa daban, wadda ta kafa saiwa a bakin ruwa daban, ta kan ganuwa daban. Kowacce da yadda ake yi mata, kuma abin da ka rubuta shi kaɗai ɗan kwangila zai yi.

Abin da kake buƙatar sani game da tafkunan ba shi da yawa: a jere suke, ruwan yana bi daga ɗaya zuwa ɗaya. Na farko mai zurfi ne, yakan kai mita 3 ko fiye, a nan dagwalo yake kwanciya ya ruɓe. Na tsakiya da na ƙarshe zurfinsu mita 1 zuwa 2 ne, hasken rana kuma shi ke tafiyar da su. Koren nan da ya gauraye da ruwan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, su ke samar da iskar da ƙwayoyin halitta masu cin ƙazantar suke buƙata, don haka ba a taɓa shi. Idan kainuwa da ire-irenta suka rufe fuskar ruwa, rana ba ta shiga, koren ya mutu, ruwan ya yi baƙi ya soma wari, mutanen unguwa su taso maka. Kacala da sauran masu tsayawa a bakin ruwa su ke ba sauro mafaka, domin tsutsarsa tana son inda iska ba ta kaɗa ruwa. Ita kuwa ta kan ganuwa, wato tudun ƙasar da ya kewaye tafkin, saiwarta ce take riƙe ƙasa kada ruwan sama ya zaizaye ta. Aski ake yi mata, ba a tuge ta.

Kayan da za a tanada

Naka kaɗan ne: tef ɗin awo na mita 50, turaku da jan fenti, waya mai ɗaukar hoto, littafin ƙofa da maigadi zai riƙa rubuta shiga da fita, da taswirar wurin. In taswirar ta ɓace a ofis, zana taka da hannu, ka sa wa kowane tafki lamba, ka nuna inda bututu da wayar lantarki da ramukan duba bututu suke.

Na ɗan kwangila, waɗanda za ka lissafa a takarda ka kuma gan su da idonka kafin a fara: adda da lauje da dutsen washi, injin yankan ciyawa na ratayawa, manjagara mai doguwar ƙota, shebur, baro, igiya mai ƙarfi, dogayen gorori, ragar kwasa, da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko tifa ta fitar da abin da aka yanke. Sai na kare jiki: takalmin roba mai kaiwa gwiwa, safar hannu mai kauri, gilashin ido ga mai riƙe inji, rigar hana nutsewa ga duk wanda zai kusanci ruwa, akwatin taimakon gaggawa, ruwan wanka da sabulu, da ruwan sha a wani mazubi daban.

1. Zagaya wurin da ƙafa, ka auna

Ka fita da safe da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, sau da yawa maigadi ne ko tsohon lebura. Shi ya san inda ganuwa take tsatstsafo, da inda maciji yake kwana, da murfin ramin da ciyawa ta binne. Kafa turke mai jan fenti a kan kowane abu da adda ko inji zai iya lalatawa.

Awo iri uku za ka yi. Bakin ruwa ana auna shi da tsawo: tafki mai mita 60 da 30, kewayensa mita 180 ne. Ganuwa da fili ana auna su da murabba'in mita. Fuskar ruwa kuma ka ƙiyasta nawa ciyawa ta rufe, rabi ko sulusi, ka ɗauki hoto daga kusurwa ɗaya da za ka riƙa komawa. Bishiyoyi a ƙirga su ɗaya-ɗaya, a ware waɗanda hannu zai tuge da waɗanda sai gatari.

Kada ka yarda da awon fuloti, domin fulotin wannan unguwa ba ɗaya yake da na waccan ba, rigima ce kawai kake ajiyewa. In ka auna daga hoton sama na Google Earth, ka tuna gangare ya fi yadda yake bayyana faɗi. Ganuwar da take sauka mita 1 a cikin kowane mita 2, faɗinta na gaskiya ya ɗara na hoto da wajen kashi 12 cikin 100. Gara ka shimfiɗa tef a kan gangaren da kanka. Ƙwaron da aka yi wa ɗan kwangila a awo, a jikin aikin zai fanshe shi.

2. Rubuta aikin yanki-yanki

A nan kwangilar take gyaruwa ko ta lalace, don haka ka zauna ka ba shi lokacinsa.

Fuskar ruwa. A kwashe duk abin da yake yawo, kainuwa da ƙananan ganyen nan masu kama da ƙwayar hatsi da suke shimfiɗuwa, da leda da robar da suka biyo ruwa. A ɗaure gorori su yi tsawo, a sa igiya a bakin nan da bakin can, mutum biyu su ja daga kan ganuwa zuwa kusurwar da iska take tara ciyawar, sannan a kwashe da raga da manjagara. Wanda ya ja yana gaba da iska, wahalar banza zai sha. Wannan dabara ta wadatar ko babu kwale-kwale, ni ma na fi son ta, don ba ta sa kowa a kan ruwa. Rubuta cewa sai an kwashe har ta lungu da ta bakin bututun fita, saboda ɗan abin da aka bari cikin 'yan makonni yake sake rufe tafkin.

Bakin ruwa. Daga layin ruwa zuwa wajen mita 1 sama, da duk abin da ya tsiro a cikin ruwan, a cire shi da saiwarsa. Kacala tana yaɗuwa ta ƙarƙashin laka, wanda ya sare kanta a sama ya ƙara mata ƙarfi ne. Inda tugewa ta gagara, a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa da kamar taƙi guda, kututturen ya zauna a nutse, iska ta daina isa ga saiwar, ta mutu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rage ruwan tafkin kaɗan, a yanke, ka mayar da shi. Rage ruwa aikinka ne kai da injiniya, ba na ɗan kwangila ba, kuma a hankali ake yi, don ganuwar da ta jiƙe takan zame in ruwa ya janye da sauri. Ka san kuma abin da aka shimfiɗa a gindin tafkinka. In yumɓu ne, ba a haƙa da diga. In baƙar roba ce, adda da manjagarar ƙarfe ba sa kusantarta, hannu da igiya kawai. In falankin siminti ne a gefe, a zare ciyawar da ta fito ta tsaga, a nuna maka tsagar ka sa a cike.

Ganuwa. A yanke a bar tsawon yatsu huɗu zuwa biyar, wajen santimita 10. Ba fartanya, ba kankarewa. Leburan da ya saba da sharar gona zai so ya nuna maka jar ƙasa don ka ga ya yi aiki, ruwan Yuni kuma ya zo ya tsaga ganuwar. Ka faɗa da baki, ka kuma rubuta. Tofa da ciyawar Acheampong su ne masu taurin kai a nan. Ta Acheampong a tuge ta kafin ta yi fure a farkon hunturu, don iska ce take watsa irinta.

Bishiyoyi. Ƙananan darbejiya da gwanda da ayabar da suka fito a kan ganuwa, a tuge su tun suna ƙanana. Babbar bishiya kuwa ka ware ta daga wannan kwangila. In an sare ta aka bar kututture, saiwar za ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya ta cikin ganuwa. Sai injiniya ya duba, a nemi izinin sarewa a rubuce, a tono saiwar, a cike ramin da jar ƙasa ana daɓewa hawa-hawa.

Sai abubuwa uku da za ka haramta da manyan baƙaƙe: feshin maganin ciyawa, ƙonawa, da tura abin da aka yanke cikin ruwa. Feshi yana da arha, shi ya sa ɗan kwangilar da ba a sa wa ido ba yake zuwa da shi da asuba. Yana kashe ciyawar ganuwa har saiwa, abin da ya mutu a bakin ruwa ya faɗa ciki ya ruɓe, maganin kuma ya bi ruwa zuwa rafi. A Chirapatre an yi kiwon tarwaɗa a tafkunan ƙarshe, ruwan da ke fita daga irin waɗannan wurare kuma rafukan birni yake bi zuwa kogin Oda, inda masu lambu suke ɗiba. In akwai inda ya zama dole, kamar gindin shinge nesa da ruwa, sai da izininka a rubuce da maganin da hukumar kare muhalli, EPA, ta yi wa rajista. Wuta kuwa a lokacin hunturu ba ta tsayawa inda aka kunna ta, tana narka bututun roba, ga tafki na farko yana fitar da iska mai kamawa.

3. Zaɓi lokaci

Babbar shara ta farko a yi ta a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ganuwa ta bushe, aboboya za ta iya wucewa ba ta kwaɓe hanya ba. Bayan nan abin da nake ba da shawara shi ne kwangilar shekara guda mai zagaye: yanka duk mako biyu zuwa uku a damina, sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka a hunturu, kwasar fuskar ruwa kuma duk mako. Shara ɗaya tak a shekara, ana gobe manyan baƙi za su zo, ita ta fi kowacce tsada. In kuɗin bai kai ba, bi wannan jeri: bakin bututun shiga da na fita, fuskar tafkin tsakiya da na ƙarshe, bakin ruwa, sannan ganuwa. Filin gaban ofis shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ake fara gani.

4. Nemi farashi ta hanyar doka

Kuɗin hukuma ne, don haka dokar sayayyar gwamnatin Ghana ta 2003, mai lamba 663, wadda aka gyara a 2016 da doka mai lamba 914, ita ke aiki. Kai takardarka ofishin sayayya na majalisar birni tun da wuri, su za su faɗa maka hanyar da adadin kuɗin ya faɗa. Ƙaramin aiki yawanci neman farashi ake yi daga aƙalla kamfanoni uku da ba su da alaƙa da juna. Duba da kyau, domin mutum ɗaya yakan kawo takardu uku da suna uku. Lambar waya ɗaya ko kuskuren rubutu iri ɗaya yana tona shi. Doka ta kuma hana a daddatsa aiki ɗaya ƙanana-ƙanana don a kauce wa ƙa'ida.

Takardun da aka saba nema su ne rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta hukumar haraji, GRA, ta asusun fanshon ma'aikata, SSNIT, da rajista da hukumar sayayyar gwamnati, PPA. Ka ba kowa fom iri ɗaya mai layi-layi: kuɗin mita ɗaya na bakin ruwa, na murabba'in mita na ganuwa, na kwasar fuskar ruwa, na kowace tafiyar mota, na kayan kare jiki. Jimla ɗaya dunƙule ba ta nuna maka abin da aka tsallake.

Akwai samari a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da suka iya aikin adda fiye da kowane kamfani, amma ba su da takarda. Hanya biyu ce. Ko ka sa sharaɗi cewa wanda ya ci kwangilar zai ɗauki wani kaso na leburori daga unguwannin kusa, ko ka ba ƙungiyarsu shawara ta yi rajista kafin zagaye na gaba. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka yi jinga da su da baki, ka sa su bakin tafki ba inshora ba takarda.

5. Kai su wurin kafin su rubuta farashi

Rana ɗaya, dukkansu tare, kowa ya sa hannu cewa ya gani. Tsaya da su a bakin tafki na farko ka tambayi kowanne yadda zai cire ciyawar da ta tsiro a kan dagwalo. Wanda ya ce yaransa za su taka su shiga, ka san matsayinsa. Wajen tantancewa, farashin da ya yi ƙasa ƙwarai abin tuhuma ne: ko feshi yake shirin yi, ko ba zai fitar da ciyawar ba, ko kuɗin lebura zai danne. Tambayi inda ya taɓa aiki, ka je ka gani.

6. Ɗaure yarjejeniya da biya

A biya bisa abin da aka auna aka karɓa, yanki bayan yanki. Kada ka biya ciyawar ruwa da nauyi, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Kada kuma ka biya yanka daban da fitarwa, a haɗe suke: yankin da ciyawarsa ba ta fita ƙofa ba, ba a gama shi ba. Kafin alƙalami in za a bayar, sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. A riƙe wani kaso, kamar kashi 10, har bayan dubawar ƙarshe. Rubuta cewa duk bututu ko roba ko waya da aka lalata, gyaransa a wuyan ɗan kwangila yake. Ka gaya masa gaskiya tun farko cewa za a cire haraji daga kuɗinsa, kuma biyan hukuma yakan yi jinkiri, don ya tanadi na sallamar leburorinsa. Ni nakan sa layi cewa sai ya nuna shaidar ya biya su, ko takardar sa hannu ko saƙon MoMo na tura kuɗi ta waya, kafin a sake masa kaso na gaba. Wanda ya wuni cikin wannan wari bai kamata ya bi kowa bashin guminsa ba.

7. Ranar farko

Kada a ɗaga adda sai ka tara su ka yi musu magana da harshen da suke ji, Hausa ko Tuwi ko wani. Duba kayan kowa. Wanda bai kai shekara 18 ba ya koma gida, dokar yara ta 1998 ta hana sa shi aiki mai haɗari. Tambayi allurar tetanus. Mai buɗaɗɗen rauni a hannu ko ƙafa kada ya taɓa ruwan.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki shi ne ɓawon dagwalo. A tafki na farko ƙazanta takan taso ta daskare a sama, ciyawa ta tsiro a kai kore shar, baƙo ya ɗauka ƙasa ce, alhali ƙarƙashinta zurfin ya fi tsayin mutum. Kewaye wurin da igiya, ka nuna wa kowa da hannu. Daga kan ganuwa ake jawo irin wannan ciyawa da doguwar ƙugiya. Ba mai aiki shi kaɗai a bakin ruwa, kuma kullum a sami mutum ɗaya a sama riƙe da igiya. Ba mai shiga ramin bututu ko leƙa kansa ciki. Iskar da ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai takan taru a can, in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, ta kuma kayar da mutum nan take.

A bubbuga ciyawa da doguwar sanda kafin a shiga, saboda gamsheƙa da kasa. Helma ya riƙe lambar gaggawa, 112, ya kuma san asibitin kusa da yake da maganin dafin maciji. A ware inuwa nesa da tafki don cin abinci da salla, a wanke hannu da sabulu kafin a ci ko a yi alwala, a bar kayan aiki a wurin kada a kai su gida cikin yara. In aikin ya faɗo cikin azumi, a fara da sassafe a tashi kafin rana ta take.

8. Fitar da abin da aka yanke

Ciyawar ruwa a tara ta a gefen ganuwa na ciki, inda ruwanta zai tsiyaye ya koma tafki, kwana ɗaya ko biyu, ta yi sauƙin ɗauka. Kada ta wuce haka, ruwan sama zai mayar da ita, tulin kuma yana kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa. Rubuta inda za a kai ta, ko juji na Oti a Dompoase, ko masana'antar takin da ke Adagya in sun yarda su karɓa, ko ramin taki a cikin harabar in kana da fili. Maigadi ya rubuta lambar kowace mota da lokacin fitarta, direba ya dawo da shaidar inda ya zubar. In ba haka ba za ka tarar da kayanka a cikin kwata bayan shinge.

Masu tumaki da shanu za su zo roƙo, musamman gab da Babbar Salla. Ka ba su haƙuri da mutunci. Ciyawar da ta taɓa wannan ruwa tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, saniya ta ci, ya koma ga mai cin naman. Ta filin da ke nesa da tafki za a iya ba su, a yanke a miƙa musu a waje. Dabba dai kada ta shigo, kofato yana rusa ganuwa.

9. Karɓi aikin

Zagaya da ɗan kwangila da wani daga ofis, da fom ɗinka da tef. Ɗauki hoto daga kusurwoyin da ka ɗauka tun farko. Sa manjagara a bakin ruwa ka jawo: in guntayen ciyawa suka biyo, an tura ta ciki, sai a kwashe. Leƙa ragar ƙarfe ta bakin shiga da bututun da ke tsakanin tafkuna. Yanzu da ganuwa ta fito fili, nemi ramin gafiya, gidan gara, tsaga, da wurin da yake jiƙe a gefen waje, ka rubuta wa injiniya. Inda aka kankare har ƙasa, ɗan kwangila ya dasa ciyawa mai rarrafe da kuɗinsa.

Kada ka saki kuɗin riƙo ranar. Dawo bayan mako biyu. Kacalar da aka sare sama-sama za ta riga ta tofo, wurin da aka yi wa feshi a ɓoye zai yi ja ya bushe alhali kewayensa kore ne. In ka ga ɗaya daga ciki, rubuta masa ya gyara cikin kwanakin da yarjejeniya ta yanka. In ba ka gani ba, sa hannu a biya shi, ka ajiye awon da hotunan da littafin ƙofa a fayil ɗaya, da su za ka nemi kuɗin baɗi lokacin da ake haɗa kasafi.